Awannin da Babu Aji: Na Mataimakin Malami Ne ko na Makaranta?

A makarantun gwamnati na ƙasar Japan akwai ma'aikacin da ake biya albashin wata cif, amma rana da yawa rabin yininsa a zaune yake ƙarewa. Baƙo ne, namiji ko mace, galibi matashi da bai daɗe da gama jami'a ba, an ɗauko shi daga wata ƙasa don ya taimaka wa malaman Ingilishi a aji. Mataimakin malamin harshe ne muƙaminsa, ALT a taƙaice. A shirin gwamnati kwantiraginsa awa 35 ne a mako. Jadawalinsa kuwa yau darasi huɗu, gobe biyu, makon jarrabawa babu ko ɗaya. Ragowar lokacin yana teburinsa a ofishin malamai, ba a ba shi aiki ba, ba a kuma sallame shi ya tafi gida ba. Su kansu masu aikin ɗumama kujera suke kiran wannan zama, kuma sun daɗe suna ja-in-ja a kan abin da ya dace mutum ya yi da shi. Wasu na cewa lokacin naka ne, gina kanka. Wasu na cewa an riga an saye shi, na makaranta ne da yaranta.

Babbar ƙofar shiga aikin ita ce shirin JET, wanda gwamnatin Japan ta buɗe a 1987 da mutum 848 daga ƙasashe huɗu: Amurka, Birtaniya, Ostireliya da New Zealand. Yanzu masu shirin sun haura 5,000 a shekara, daga ƙasashe fiye da 50, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari nasu mataimakan malamai ne. Ban da su akwai dubbai da kamfanonin samar da ma'aikata ke turawa makarantu, da waɗanda hukumomin ilimi na garuruwa ke ɗauka kai tsaye. David McConnell, wanda ya yi nazarin shirin ya wallafa littafi a kansa a 2000, ya nuna cewa an ƙirƙiro shi ne a lokacin da Japan ke takun-saƙa da Amurka a kan ciniki, kuma kyautata sunan ƙasar a idon duniya na cikin manyan manufofinsa, koyar da Ingilishi ɗaya ce kawai daga ciki. Duk wanda ya san wannan ba zai yi mamakin teburin da babu aiki a kansa ba. Daga sama aka yanke shawarar kawo baƙin, aka bar wa kowace makaranta ta san yadda za ta yi da nata.

Abubuwan da ke haifar da rarar lokacin a fili suke. Mataimaki ba shi da lasisin koyarwa na Japan, don haka a ƙa'ida aji ba nasa ba ne. Yana shiga ne tare da malami ɗan ƙasa, kuma malamin ne ke yanke ko yau da shi za a shiga. Ba a ba shi aji ya riƙe, ba ya ganawa da iyaye, ba ya rubuta rahoton ɗalibai, waɗannan kuwa su ke cinye lokacin sauran malamai. A ƙaramar sakandare Ingilishi sau huɗu ne a mako, amma jarrabawar shiga babbar sakandare nahawu da fahimtar rubutu ta fi tambaya, saboda haka da zarar ta ƙarato sai a rage kiran baƙo, musamman a aji uku. Ga kuma kalanda. Shekarar karatu daga Afrilu take zuwa Maris, dogon hutu kuma daga ƙarshen Yuli zuwa wajen ƙarshen Agusta. Yara ne ke hutu. Malami ma'aikacin gwamnati ne, kullum sai ya zo, in kuwa yana son zama a gida sai ya cire daga kwanakin hutunsa na shekara. Yawancin sababbin 'yan JET a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta suke sauka, wato daidai lokacin da azuzuwa ke kulle. Abin da aikin ke fara tarbarsu da shi makonni ne na zama a ofis, cikin mutanen da ke magana da harshen da ba sa ji.

Ba kowa ne ke cikin wannan hali ba. Tun da Ingilishi ya zama cikakken darasi a aji biyar da shida na firamare a 2020, aka kuma fara gabatar da shi tun aji uku, mataimakin da ke zagaya firamare uku ko huɗu na iya yin darasi biyar ko shida a rana, ko ruwa bai samu ya sha ba. Maganarmu a kan masu rara ce, kuma suna da yawa.

Masu cewa lokacin na mataimaki ne ba malalata ba ne, hujjarsu ta farko ma tana da nauyi. Aikin ba shi da gaba. Kwantiragin JET na shekara ɗaya ne, ana sabunta shi har zuwa shekara biyar, daga nan sai sallama. Shekaru da dama, har zuwa farkon 2025, albashin shekarar farko ya kasance yen miliyan 3.36, yana ɗan hawa zuwa miliyan 3.96 a shekara ta huɗu da ta biyar. Ya isa mutum ɗaya ya rayu da rufin asiri, amma babu ƙarin girma, kuma daɗewa a kujerar ba ta mai da mataimaki cikakken malami. Wanda ya shiga yana ɗan shekara 23 zai fita yana ɗan 28, abokan karatunsa a gida sun riga sun yi nisa a sana'o'insu. To, in ji su, mutumin da ya san ranar sallamarsa tun ranar da ya sa hannu, sannan ya zauna awa uku kullum yana kallon bango, ai ya cuci kansa.

Abin da suka fi yi da lokacin shi ne koyon Japananci. Jarrabawar ƙwarewa a harshen, JLPT, mataki biyar gare ta, daga N5 zuwa N1 mafi wuya, ana yin ta a Yuli da Disamba, kuma kamfanoni da yawa ba sa duban takardar baƙo in bai kai N2 ba. Haruffan kanji da gwamnati ta ware don amfanin yau da kullum 2,136 ne. Ba a haddace su a daren jarrabawa, sai da awa ɗaya ko biyu kullum har tsawon shekaru, ga awannin nan kuwa an ajiye wa mutum a gabansa. Wasu digiri na biyu suke yi ta intanet, wasu neman takardar shaidar koyar da Ingilishi, wasu koyon rubuta manhajar kwamfuta. Suna kuma tunatar da mu cewa hukumar CLAIR, mai kula da shirin, da kanta take ba 'yan JET darussan Japananci, tana kuma tallafa wa masu neman takardar koyarwa. Idan mai shirin ne ya miƙo maka littafi, da wane dalili wani zai ce kada ka buɗe shi a ofis?

Hujjarsu ta biyu ita ce sun tambaya an ce babu. Mataimaki ya zagaya malamai uku da safe, kowanne ya ce yau babu komai, na gode. Ya shirya darasin gobe da na jibi. Ba shi ya tsara jadawali ba, ba shi ya soke darasi ba. Da yawa cikinsu sun taɓa ɓata kwana biyu suna yanka katuna suna shirya wasan kalmomi, ranar darasi malami ya ce an makara a manhaja, yau shafi kaza za a yi, ka karanta yara su maimaita. Wannan ne ya sa ake yi wa aikin laƙabi da rakoda mai rai. Wanda aka yi wa haka sau da yawa, ba za a ga laifinsa ba in ya koma kan littafinsa.

Akwai kuma kwanciyar rai. Zaman kashe wando ko a garinku ciwo ne, balle a ƙauyen da ke cikin duwatsu, lokacin sanyi, duhu na shiga tun ƙarfe biyar, ba ka da mai jin harshenka. Mutum sai ya fara tambayar kansa ko yana da wani amfani. Samun abin da zai sa a gaba, ya ga kullum yana ƙaruwa, shi ke riƙe da dama daga cikinsu har ƙarshen kwantiragi, kuma wanda hankalinsa ke kwance ya fi shiga aji da fara'a.

Ɗaya ɓangaren kuwa da teburin da ke kusa suke fara magana. Binciken TALIS na ƙungiyar OECD na 2018 ya nuna malaman ƙaramar sakandare a Japan na aikin awa 56 a mako, mafi tsawo cikin duk ƙasashen da aka auna, alhali matsakaicin ƙasashen awa 38 ne da 'yan mintuna. Binciken ma'aikatar ilimin ƙasar na 2016 ya gano kusan kashi 58 cikin ɗari nasu na yin awa 60 ko fiye a mako a cikin makaranta, wato sun kai iyakar da hukumomi ke ɗauka a matsayin aikin da ke iya kashe mutum. Tun dokar 1971 kuma ba a biyan malaman gwamnati kuɗin ƙarin lokaci; ƙarin kashi 4 cikin ɗari na albashi aka yanka musu a madadinsa, aka yi fiye da shekara 50 a haka. Malamar Ingilishin da ke zaune kusa da mataimaki ita ke riƙe da ajin yara 30 zuwa 40, tare da su take cin abincin rana, ita ke kula da kulob ɗin wasanni har yamma, wani lokaci har Asabar, ita ke amsa wayar iyaye. Mataimaki zai tashi ƙarfe huɗu da 'yan mintuna ya yi sallama. Ita sai bakwai ko takwas na dare.

A irin wannan ofis, in ji su, mutum ya toshe kunne da iyafis yana karatun digirinsa rashin kara ne, ko da babu dokar da ta hana. Kuɗin da ake biyansa na jama'a ne, har da harajin iyayen yaran nan. Aiki kuma yana nan, rubuta shi ne ba a yi ba a jadawali. Ga insha'in yara jibge yana jiran gyara. Ga muryar da za a naɗa don jarrabawar sauraro. Ga gasar jawabi da Ingilishi, wadda a ƙaramar sakandare take kaiwa har gasar ƙasa ta kofin Yarima Takamado, yaron da zai shiga kuwa yana buƙatar wanda zai zauna da shi kullum bayan an tashi yana gyara masa lafazi. Ga jarrabawar Ingilishi ta Eiken mai ɓangaren hira baki da baki, wadda atisayenta ba ya yiwuwa sai da abokin magana.

Sannan akwai abin da ba ya cikin littafin Ingilishi sam. A Japan yara ke share makarantarsu, kusan kwatan awa kullum, malamai na cikinsu da tsintsiya. A firamare da yawancin ƙananan sakandare yara ke raba abincin rana a aji. Mataimakin da ya ɗauki tsintsiya, ya zauna cin abinci da 'yan aji ɗaya, ya leƙa kulob ɗin wasan takobi na kendo ko na zane, shi ne zai ji yaron da bai taɓa buɗe baki a darasi ba yana tambayarsa da guntun Ingilishi ko a ƙasarsu ana cin shinkafa. Ga yaron ƙauye a Akita ko Kochi, wannan na iya zama karo na farko da ya yi hira da wanda ba ɗan ƙasarsu ba. Ai don wannan aka ɗauko baƙon tun farko, kuma ba a kan tebur ake samunsa ba.

Hujjarsu ta ƙarshe ido ne. Ofishin malamai ɗaki ne guda babba, tebura a haɗe rukuni-rukuni bisa ajin da malamai ke kula da shi, mataimakin shugaban makaranta yana gaba yana ganin kowa. Ba wanda zai ce maka uffan in ya gan ka kana kallon fim a waya, amma fa an gani. Yarda ta ragu, kira zuwa aji ya ragu, rarar lokaci ta ƙaru. Wanda zai gaje ka ma zai tarar da sunan da ka bari, domin a garin da baƙo ɗaya ne tal, halinsa ake ɗora wa duk baƙi.

Na fi karkata ga wannan ɓangare na biyu, amma ba yadda masu zafin cikinsu ke faɗa ba, domin akwai abin da suke tsallakewa. Ƙwazo ma yana iya zama ƙarin nauyi ga wanda ya riga ya gaji. Malamar da minti goma kawai take da shi tsakanin darasi da darasi, idan mataimaki ya tsaya a kanta ya ce me zan taimaka da shi, sabon aiki ya ba ta: ta tsaya ta yi tunanin abin da zai iya, ta bayyana masa da Ingilishi, ta dawo ta duba ko ya yi daidai. Sau da yawa ya fi mata sauƙi ta yi da kanta, sai ta yi murmushi ta ce babu komai. Amsar nan da ɓangaren farko ke kafa hujja da ita, abin da take nufi shi ne babu lokacin raba aikin. Rarar lokacin mataimaki daga ƙarancin lokacin malamar ta fito. A nan ne nake ganin ɓangarorin biyu duka sun kauce: na farko ya ɗauki amsar da baki ɗaya ya tafi, na biyu ya zaci maimaita tambayar ne maganinta.

Haka abin yake da sababbin dabaru. Buɗe kulob ɗin Ingilishi ko musayar wasiƙu da wata makaranta a ƙasar mataimaki abu ne mai kyau, sai dai yana buƙatar amincewar shugaba, da malami mai lasisi da zai tsaya a kai, wani lokaci da sa hannun iyaye, kuma duk a wuyan malamar nan zai ƙare. Mataimakin da ya zauna har ƙarfe bakwai don kunya, babu abin da yake yi, bai rage wa kowa minti ɗaya ba. Ya dai ƙara wa al'adar daɗewa a ofis ƙarfi, al'adar da Japan kanta ke fama ta rage. Mafi muni a wurina shi ne yin kamar ana aiki, a buɗe wata takarda a kwamfuta, a juya shafi da an ji takun mutum. Yaro bai amfana ba, mai yin bai amfana ba, kuma ƙaramin ha'inci ne da ake maimaitawa kullum har ya zama hali.

Ya kamata kuma a yi wa waɗanda kamfanoni ke turawa adalci. A irin kwantiragin da kamfani ya karɓi koyarwar a matsayin kwangila, dokar ƙwadago ta Japan ba ta yarda makaranta ta ba ma'aikacin umarni kai tsaye ba, sai an bi ta kamfanin. Albashinsu galibi bai kai na JET ba, wasu ma ana rage musu a watan hutu. Mutumin da takardarsa ta taƙaita abin da za a iya sa shi, aljihunsa kuma ke tilasta masa neman gaba, ba a auna shi da ma'aunin wanda gwamnati ta ɗauko ta biya masa kuɗin jirgi.

Tambayar da Bahaushe zai fi saurin yi ita ce ko albashin irin wannan zama ya halatta. Malaman fiƙihu sun daɗe da raba ma'aikaci gida biyu a babin ijara. Akwai wanda ake biya don aikin da ya gama, kamar tela mai karɓar ɗinkin mutane da yawa. In bai ɗinka ba, babu lada. Akwai kuma wanda mutum ɗaya ya ɗauka na wani lokaci sananne, wata ko shekara. Shi wannan, da zarar ya kawo kansa ya tsaya a shirye, ya cancanci ladansa ko da ba a ba shi aiki ba, domin lokacinsa aka saya. Amma saboda wannan dalilin dai, ba shi da ikon ya sayar wa wani da lokacin ba da izinin mai shi ba. Mataimakin malami a kashi na biyu yake. Don haka bai kamata ya riƙa jin kansa kamar mai cin haram ba don an bar shi a zaune. Zuwansa a kan lokaci da kasancewarsa a shirye su ne alkawarin da ya ɗauka. Bai kuma kamata ya riƙa yi wa wani kamfani fassara don kuɗi a kan teburin makaranta ba, kwantiragin JET ma ya hana aikin kuɗi a waje ba da izini ba. Abin da ke tsakanin biyun, wato karatun kai da ba ya hana mutum tashi in an kira shi, izini da al'adar wurin ne ke yanke hukuncinsa. Hanyar sani kuwa gajeriya ce: a je a tambayi mataimakin shugaban makaranta. Da wuya a sami wanda zai hana baƙo koyon kanji.

Ni a ganina ma koyon Japananci aikin makaranta ne, ko da mai yinsa N2 yake hange. Da harshen ne mataimaki zai karanta allon ofis inda ake rubuta canjin jadawalin yau, ya fahimci taron safe, ya daina zama na ƙarshe da ke jin an soke darasi ko gobe ranar wasanni ce. Da shi zai karanta bayanin da ke cikin littafin yara, ya san abin da aka koya musu da wanda ba a kai ba, ya gane dalilin da ya sa kusan duk ajin ke kuskure iri ɗaya: harshensu ba ya bambanta sautin r da l, yawancin gaɓoɓinsa da wasali suke ƙarewa, fi'ili kuma a ƙarshen jumla yake zuwa. Da shi malamar firamare, wadda ba Ingilishi ta karanta ba kuma take jin nauyin magana da baƙo, za ta iya gaya masa abin da take so cikin minti ɗaya. Kowane harafi da ya koya yana rage wahalar ba shi aiki, wahalar nan kuwa ita ce tushen zaman.

Sai kuma salon tambaya. Maimakon me zan yi, mutum ya duba littafi ya ga inda aji biyu suka tsaya, ya shirya takarda guda, ya ajiye a teburin malamar da ɗan rubutu a kai. Ko ya ce: "Malama, in kina so zan gyara insha'in aji biyu kafin Alhamis." Wannan tambaya ce da e ko a'a ke amsawa, ba ta cin minti goman kowa. Za a ƙi wasu, a karɓi wasu. Wadda ta karɓa sau ɗaya ta ga an yi aikin da kyau kuma a kan lokaci, ita da kanta za ta kawo na gaba.

Bayan wannan duka lokaci zai rage, kuma a nan ban ga dalilin hana mutum karatunsa ba, muddin zai iya rufe littafin nan take in yaro ya tsaya a ƙofa, kunnensa a buɗe, kuma abin da ke kan kwamfutarsa ba abin ɓoyewa ba ne in shugaba ya gifta. A makonnin Agusta kuwa, lokacin da ba kowa a makaranta sai 'yan kulob, na ba ɓangaren farko gaskiya gaba ɗaya. Babu adadin katunan da mutum zai yanka su cika wata guda. Wanda ya yi amfani da shi ya ci wani ɓangare na digirinsa ya fi wanda ya yi ta ƙawata allon sanarwar da ba mai kallo.

Wanda ya yi bautar ƙasa a Nijeriya ba baƙon wannan muhawara ba ne. Tun 1973 ake tura matasan da suka gama jami'a jihohin da ba nasu ba, da yawa a makarantu suke ƙarewa ba tare da horon koyarwa ba. Wani a jibga masa azuzuwan da suka fi ƙarfinsa saboda ƙarancin malamai, wani a ba shi darasi biyu a mako ya yini a ofishin malamai. Ɗan Inugu da aka kai Jigawa, in ya sa rarar lokacinsa ya koyi Hausa, shi ne yara ke bi bayan an tashi suna tambayarsa lissafi, shi ne kuma hedimasta ke iya ba amana.

Duk da haka ba zan ɗora wa matashi ɗan shekara 23 gyaran abin da ba shi ya ɓata ba. Makarantar da ta sa darasi ɗaya na minti 50 a mako cikin jadawali, musamman don malaman Ingilishi su zauna da mataimakinsu su tsara mako mai zuwa, ta kashe rabin matsalar. Inda ba a yi haka ba, a baranda ake tsara darasi, ana tafiya zuwa aji. Kuma ko an gina fahimta, ba ta daɗewa: a ƙarshen Maris ake yi wa malaman gwamnati canjin wurin aiki, malamar da ta saba da mataimaki ta tafi wata makaranta, a sake sabon lale da wani a Afrilu. Shi ma mataimakin a wajen ƙarshen Yuli yake tafiya, magajinsa ya iso bayan kwanaki, sau da yawa ba su ko ga juna ba.

Shi ya sa, in an ce in zaɓi aiki ɗaya da ya fi cancantar awannin teburin a zangon ƙarshe, zan ce rubuta bayanin miƙa aiki, dalla-dalla. Wane malami ne ke son a shirya tun mako guda, wane ne ke yanke shawara a bakin ƙofar aji. Wane wasa ne ya karɓu a aji ɗaya ya faɗi a aji uku. Yaushe ake fara atisayen gasar jawabi, a wace durowa tsofaffin jawaban suke, wane kulob ne ke maraba da baƙo, kuma ƙarfe nawa bas ɗin ƙarshe ke tashi daga makarantar da ta fi nisa.